Onodera-san, Wadda Ke Sauraren Amsa

Kafin a buɗe ƙofofin babban kantin da ke gaban tashar jirgin ƙasan garinmu, Onodera Fusae ta riga ta sauka ƙarƙashin ƙasa, inda ake sayar da abinci. Takan goge gilashin rumfar abincin Sin, ta jera soyayyiyar shinkafa da shumai, wato turararren ƙullin nama a fulawa, da jatan lande a jar miya mai yaji. Fiye da shekara talatin ke nan tana wannan aiki. Yanzu an lulluɓe rabin rumfunan da farin ƙyalle, don a ƙarshen watan nan za a rufe kantin. Matasa sun gudu Tokyo, tsofaffi kuma ƙafa ta gaza.

Kowa ya san al'adar wurin. In an ƙunshe maka abinci, sai a tambaye ka nisan gidanka, don a san yawan ƙanƙarar da za a jefa a leda kada ya lalace a hanya. Yawancin masu sayarwa suna tambaya ne ido na kan leda. Onodera-san, kamar yadda muke kiranta don girmamawa, takan ɗaga kai ta jira amsa.

Tsuchida-san tsohon direban bas ne. Kowace Juma'a yakan zo ya sayi jatan lande saboda matarsa Kinuyo, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Amsarsa ba ta canzawa: "Kafin ƙanƙararki ta narke na isa, in dai ba yaran yanzu ke tuƙi ba."

Wata Juma'a, ana ruwa, ta yi masa tambayar. Ya dubi ledar, ya dubi matakala, ya ce, "Gida..." Nan maganar ta tsaya. Ga layi a bayansa.

Ƙa'ida ta ce a kira masu gadi, su kira 'yan sanda, a tambaye shi sunansa a gaban mutane kamar ɓataccen yaro. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai jama'a gidajensu. Onodera-san ta kwance ƙyallen gabanta.

Mitsuko, mai sayar da kayan lambun da aka tsuma a ruwan gishiri a rumfar da ke kallonta, ta ce, "Ke Fusae, ina za ki da rana tsaka? Ko saurayi kika yi?"

"Na yi. Ki kula min da rumfa, kada kuma ki cinye min shumai."

"Da waɗannan haƙoran nawa na roba? Je ki, amarya."

Ta zagayo ta rusuna. "Tsuchida-san, ka taimake ni. Saƙo zan kai bayan gada, kuma motocin nan ruɗa ni suke."

Tsoho ya miƙe kafaɗa. "Ku mutanen ƙarƙashin ƙasa, ina za ku san hanya? Biyo ni."

Yana gaba tana baya, amma ita ke karkata laima zuwa inda za a bi. Abin da ta sani kawai shi ne hirar da Kinuyo ta taɓa yi mata tun tana da lafiya, cewa gidansu na bayan gada, kusa da tsohon gidan wanka. Haka ta bi ƙofa-ƙofa tana karanta allunan suna, har ta ga nasu. Suka tarar da Kinuyo ta jawo jiki zuwa bakin ƙofa tana jira.

Da ya shige ciki, Kinuyo ta riƙe hannun Onodera-san. "Kada 'yarmu Natsumi ta ji. In ta ji, za a kai shi gidan tsofaffi, ni a kai ni asibiti. Sai dai kowa ya mutu shi kaɗai."

Ke ce kika ɗauki wannan nauyi, Onodera-san, ba dangin iya ba na baba. Tun daga bazara har ganye ya zube, kowace Juma'a kina ba da hutun cin abincinki, kina ƙirƙiro saƙon da za ki kai bayan gada. Shugaban sashe ya ja miki kunne, kika rusuna kika ba shi haƙuri, Juma'a ta zagayo kika sake fita. Mu da ke tsaye a layi mun gan ki kina dawowa da jiƙaƙƙen takalmi, ba ki ci komai ba, kina ce mana mu yi haƙuri da jira.

Sai aka sanar da rufe kantin. Onodera-san ta san Tsuchida-san zai ci gaba da fitowa, ya tarar da ƙofa a garƙame, ga dusar ƙanƙara na tafe, babu mai ƙirƙiro saƙo don a mayar da shi gida. Ta je ta durƙusa gaban Kinuyo ta ce, "Na rufa asiri iya ƙarfina. Yau zan kira Natsumi, kuma a gabanki zan kira, ba a bayan idonki ba."

Kinuyo ta juya fuska bango.

Onodera-san ta kira Natsumi, kuma ba ta tsaya a kiran ba. Ranakun hutunta ta riƙa bin Natsumi gidajen kula da tsofaffi, tana maimaita magana ɗaya: a karɓe su tare ko a bari. Ɗaki guda bai samu ba. An dai sami gida a wani gari, Tsuchida-san a bene na sama, Kinuyo a ƙasa, ana haɗa su lokacin cin abinci. Makon jiya aka tafi da su. Kinuyo ba ta aiko da sallama ba.

Mitsuko ta ce, "Kin ga sakamakon alheri. Ko na gode babu."

Onodera-san ta ci gaba da goge gilashi. "Bar ta ta yi fushi. Mai fushi da ni tana cin abinci da mijinta."

Mun gode, Onodera-san, garkuwar mai rauni. Ba za a ba ki lambar yabo ba, kuma nan da 'yan kwanaki ko rumfar ba za a gani ba. Ga sauranmu kuwa, a kowace unguwa akwai tsohon da ƙafarsa ke fita, hankalinsa na baya. A tsaya masa. In kuma rana ta zo da ceton mutum zai jawo ya daina gaishe ka, a cece shi, a haƙura da gaisuwar.