Akori-kurar da Ba ta Ƙetare Rafi Ba

Shekarar da aka fara Shari'a, mai garinmu ya hana kiɗan dandali. Mu 'yan mata da muka saba ficewa wasa da zarar an sauke tuwo, sai muka koma zaman gida. Ƙauyenmu yana kusa da Dutsi, kuma tsakaninsa da kwalta akwai rafi guda, wanda da rani yashi ne zalla, da damina kuwa sai ya cika ya batse. Ina da shekara takwas a lokacin. Wadda ta ci ribar wannan hani ita ce Kaka Yalwa, mahaifiyar Baba, domin duk yaran gidan mun dawo hannunta.

Bayan sallar magariba takan ja tabarmarta bakin murhu, ta baje gyaɗa a cikin toka mai zafi, mu kewaye ta, ni da ƙannena 'yan uba da 'ya'yan baffanmu. Har yau in na ji ƙamshin gasasshiyar gyaɗa, sai in ga hannunta mai jijiyoyi yana juya ta da tsinke. Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ku matso, na tono wata." Mu ce, "Zube mana ita, Kaka." Tana da labaran kura da zomo masu sa mu dariya har mu ƙware. Ita ce ke min kitso, ita ce ke ɓoye min ƙanzo, domin uwata ta rasu ina da shekara biyu. Abin da aka gaya min shi ne zazzaɓi ne ya ɗauke ta.

A bayan katangar da muke jingina akwai rumfar da motar Baba ke kwana. Farar akori-kura ce, ya saye ta hannun wani ɗan kasuwa a Mai'adua tun ba a haife ni ba, yana dakon hatsi da ita zuwa kasuwanni. Duk yankin an san yadda yake riƙonta. Buhu goma sha biyu yake ɗora mata, ko za ka ninka masa kuɗi ba zai ƙara ɗaya ba. Ba ya ɗaukar awaki, wai fitsarinsu na cin ƙarfe. Da asuba sai ya duba ruwan lagireto, ya tada injin ya bar shi ya ɗumama kafin taya ta motsa. Da hannunsa yake juye baƙin mai, fetur kuwa sai ya tace shi da ƙyalle. Ba wanda ya taɓa riƙe sitiyarinta sai shi. Rumfarta rufin kwano ce, ɗakin Kaka kuwa na ciyawa, yana yoyo duk damina. Kullum in ya dawo masallaci yakan zauna a rumfar nan da tsumma yana goge ta har a kira isha'i. Katangar gajeriya ce. Duk abin da aka faɗa a bakin murhu, yana ji.

Akwai labari ɗaya da Kaka ba ta yin mako ba ta ba mu shi ba, kuma babu kura ko zomo a cikinsa. Labarin Mai Mota ne.

Wai an yi wani mutum mai farar mota da yake so kamar ransa. Yana da mata, yarinya mai haƙuri, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Wata rana da damina, bayan an kwana ana ruwa, matar ta shiga gona tsinkar yakuwa, kububuwa ta sare ta a ƙafa. Kafin azahar ƙafar ta kumbura, jini ya fara fito mata ta dasashi. Mutane suka ruga wurin Mai Mota suka ce ya fito da mota a kai ta asibitin Daura. Ya je bakin rafi ya tsaya, ya dubi ruwan, ya dawo ya ce, "Ruwa zai shiga injin. A jira ya janye." Uwarsa ta durƙusa masa, tsohuwa da ita, ta riƙe ƙafarsa. Ya ce a jira. Da aka ga jiran ba shi da iyaka, sai aka ɗaura shanu, aka shimfiɗa ta a kan amalanke. Shanu suka ratsa ruwan, maza suna tallafe da ita. Tana ta kiran ruwan sha, tana kiran 'yarta. Ana hango kwalta sai matar ta cika.

A nan Kaka takan dakata ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Motar fa?" in ji ta. "Motar ƙalau take. Ko ƙwarzane babu. Washegari da aka dawo daga maƙabarta, sai da ya wanke ta."

Labarin yana da waƙa, kuma mu ne masu amshi:

Mota ta sha wanka,
Mai mota ya sha fura,
Ta kan amalanke,
Sai haƙuri, sai haƙuri.

Muna tafi muna rerawa, domin kiɗanta da daɗi. Kaka takan taɓo ni da tsinken gyaɗar ta ce, "Rakiya, ɗaga murya, ke ce mai zaƙin maƙoshi. Na bayan katanga ba su ji ba." Ni kuwa in buɗe baki iya ƙarfina, ina jin daɗin an zaɓe ni. In an gama ta ce, "Na ajiye ta nan, mai ita ya zo ya ɗauka."

Ban taɓa haɗa Mai Mota da Baba ba. Yaro yakan ɗauka mutanen tatsuniya a wata duniya suke.

Ana saura kwana kaɗan Babbar Salla, Baba ya ce in shirya zai kai ni Daura a saya min takalmi. Ban taɓa shiga gaban motar ba sai ran nan. Na zauna a kan kujerar da ya lulluɓe da bargo, ina tsoron taɓa komai. Da muka gangara cikin yashin rafi, murna ta cika ni, waƙar ta fito daga bakina ban ma sani ba. Na kai "ta kan amalanke" sai na ji ya taka birki. Ya kashe injin. Bai dube ni ba, hannuwansa a kan sitiyari.

"Kakarki ta gaya miki sunan matar?"

"Tatsuniya ce, Baba. Ba ta da suna."

Ya miƙa hannu ta gabana ya buɗe ƙofar. "Sauka. Koma gida ki tambaye ta."

Na ɗauka wasa ne. Na sauka, ya jawo ƙofar a hankali yadda ya saba, don ba ya son a buga ta, ya tada mota ya haye. Na tako gida ni kaɗai cikin rana, yashi yana ƙona min tafin ƙafa, ina kuka ban san laifina ba.

Da yamma aka kewaye murhu. Kafin Kaka ta tono komai na ce, "Kaka, Baba ya ce in tambaye ki sunan matar Mai Mota."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya gyaɗarta. "Hajara," in ji ta.

Sunan uwata ke nan. Manyan cikin yaran suka sunkuyar da kai.

"Kina goye a bayanta macijin ya sare ta," in ji Kaka. "Ni na kwance ki. 'Yar ƙanwata ce, ni na yaye ta, ni na raine ta, ni na ɗauke ta na ba wancan da hannuna." Ba ta kiran sunan Baba, don ɗan fari ne, amma ran nan "wancan" ɗin ba na kunya ba ne. Sai ta tafa hannu ta ce, "To, ku ɗauko waƙar." Ita kaɗai ta rera ta daga farko har ƙarshe, da muryarta mai rawa. A bayan katanga ina jin ƙarar tsumma a jikin ƙarfe, bai tsaya ba.

Da Baba ya shigo bayan isha'i, ya ajiye takalmin a ƙofar ɗaki. Ya yi min kaɗan. Ban gaya masa ba, haka na sa shi ranar Salla.

Daga ranar ban sake amsa waƙar ba, amma Kaka ba ta daina labarin ba. Ƙannena suka taso suka karɓi amshin. Baba bai taɓa ce mata ta bari ba. Kullum da safe yakan durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ta ce, "Lafiya. Ya motar ta kwana?" Shekara da shekaru gaisuwarsu ke nan. Motar kuwa ta ci gaba da aiki. Sa'o'inta duk suka mutu, aka yanka su aka sayar wa 'yan gwangwan, ita tana nan fes. Direbobi daga garin Babban Mutum sukan zo su tambaye shi sirrin. Ya ce musu babu sirri, kada ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kada ka kai ta inda ba za ta iya ba. A bayanta aka ɗauko abincin da muka ci, da ita aka kai ni makarantar kwana. Duk lomar da na kai baki a gidan nan na san inda ta fito.

Ina aji huɗu a sakandare ciwon ajali ya kama Kaka. Numfashi yana yi mata wuya, ƙafafunta suka kumbura. Rani ne, rafi a bushe. Baba ya kawo motar har ƙofar zaure, ya shimfiɗa katifa a baya, ya shigo zai ɗauke ta. Ta riƙe ƙafar gado da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Inna, don Allah. Asibiti ne kawai."

"Ba ta ɗauki Hajara ba, ba za ta ɗauke ni ba. Mayar da ita rumfa, kada rana ta ɓata mata fenti."

Ya durƙusa ya riƙe ƙafarta, mutum mai furfura, yana kuka kamar yaro. Ta juya fuska bango. Ya ce zai ɗauko wata motar, ta ce ko wace iri ce ba ta shiga. Kwana uku motar tana tsaye a ƙofar gida da katifar a bayanta. A na huɗu Kaka ta cika, ba ta ce ta yafe masa ba, duk da liman ya zo har sau biyu ya roƙe ta.

Na yi aure a Daura, na haifi 'ya'ya. Idon Baba ya yi yana, ya daina tuƙi, amma kullum da asuba sai ya lalubo makulli ya tada injin, ya zauna yana saurare. Masu saye suka yi ta zuwa yana korarsu. Wata rana na je gaishe shi na same shi a rumfar, na zauna kusa da shi a kan benci. Tambayar da na riƙe tun ina yarinya ta fito.

"Baba, ruwan nan da gaske ba za ta iya ƙetarewa ba?"

"Ya kai cinya," in ji shi. "Na ce a raina in ta mutu a tsakiya, mun rasa biyu. Abin da na gaya wa kaina ke nan." Ya shafa gefen motar. "Ban gwada ba, Rakiya."

"To me ya sa ba za ka sayar ba? Ko ganinta ba ka yi."

"In na sayar, wani yaro zai ɗauke ta ya faɗa rafin nan a cike. In ya haye fa?"

Ya rasu da rani. Ƙannena suka sayar da ita ga wani matashi mai dakon awaki. Daminar farko, ƙaramin ƙanena ya kira ni a waya yana dariya, don shi bai san komai ba sai waƙa. Ya ce, "Yaya, kin ga motar Baba kuwa? Jiya rafi ya cika har ƙugu, yaron nan ya danna ta ciki da awaki fal a baya. Wallahi ko tari ba ta yi ba."

Na ajiye wayar na zauna a ƙasa.

Na daɗe ina ɗauka darasin labarin Kaka shi ne kada mutum ya fifita ƙarfe a kan rai. Haka ne, kuma Baba ya ji wannan darasi kowane mako har ƙarshen rayuwar Kaka. Amma yanzu da nake da 'ya mai shekara takwas, nakan dube ta in tuna cewa tsohuwar da ta fi kowa sona ta zaunar da ni ta koya min waƙar mutuwar uwata, ta ce in ɗaga murya. Ba don in koyi wani abu ta yi ba. Dukan ɗanta take, ni ce sandar da ta fi kusa da hannunta. Ina yi musu addu'a su ukun bayan kowace salla, sai dai har yau in na zo kan sunan Kaka, nakan ɗan tsaya kafin in faɗe shi.