Lemon Dubiya

Har yau idan aka buɗe kwalbar lemo kusa da ni, na ji 'yar ƙarar nan ta fitar iska, sai gabana ya faɗi. Yarana dariya suke yi mini, wai ina tsoron kwalba kamar da maciji a ciki. Kai mai karatu zan faɗa wa dalili, don wataƙila a gidanku ma akwai katan ɗin lemo a ƙarƙashin gadon wani marar lafiya.

Kakana na wajen uba manomi ne a wani ƙauye bayan Kumbashi. Ina ƙarama akan kai ni can hutun damina. Abin da na fi tunawa shi ne ƙamshin daddawa a miyar kuka, da jan tuwon dawa wanda idan ka ci ɗumamensa da safe, sai la'asar cikinka zai sake yi maka magana. Kakata takan tsinko zogale da rama da tafasa a bayan shinge, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Shi kuwa tsohon, gauta mai ɗaci ce goronsa, yana tafiya gona yana gatsa. Kunun tsamiyarsa ba a sa masa komai. Idan na kurɓa na yatsine fuska, sai ya ce da Hausarsa mai karkata irin ta mutanenmu, "Amarya, in ba ki iya ɗaci ba, ba zan ajiye ki ba." Ni kuma in ce ai ko ya roƙe ni ba zan zauna da miji mai faso a dunduniya ba.

Ƙafafun nan da nake tsokana ba su san takalmi ba. Ƙaya ta soke su, fartanya ta sare su, amma kafin in koma gari sai in ga wurin ya bushe ya kama ɓawo.

Sai Allah ya buɗa wa mahaifina a cinikin masara. Ya gina gida a Kontagora, ya ce abin kunya ne yana loda motoci ubansa na duƙe a gona. Ya je ya ɗauko tsofaffin biyu. Da zuciya ɗaya ya yi, wannan ko a gaban wa zan faɗa. A ganinsa tuwon dawa da ganye abincin wahala ne, kuma wahalar ubansa ta ƙare. Safe shayi mai kauri da burodi, rana farar shinkafa, dare taliya, ga lemo mai sanyi a firji. Aikin kakana ya koma zama a kan tabarma a ƙofar gida yana amsa gaisuwa. Da kakata ta shuka zogale a tsakar gida, aka ce zai ɓata siminti.

Shekaru suka ɗan ja, tsohon ya yi tumbi, wuyansa ya cika, kowa na cewa hutu ya karɓe shi. Daga baya kuma ya fara zubewa. Kullum buta na hannunsa, ƙishirwa ba ta barinsa, ga yawan zagayawa. Muka ce tsufa ne.

Wata ƙaramar salla mahaifina ya saya masa takalmi sau-ciki, baƙi mai sheƙi. Ya sa ya je idi ya dawo, takalmin ya goge masa babban yatsa, shi bai ma ji ba. Mahaifiyata ce ta lura da jini a jikin safa. Ciwon bai fi ƙwayar wake ba. Aka wanke, aka shafa magani, aka jira ya bushe kamar yadda ya saba. Sai ƙafar ta kumbura, ta yi zafi, fatar ta riƙa ƙyalli. Damina ta sauka, ɗakinsa ya fara wani wari wanda turaren wuta ya kasa rufewa.

To, ka san halinmu, ba a zuwa dubiya hannu rabbana. 'Yan kasuwar hatsi abokan mahaifina suka zo, dangi suka hawo babura daga Ibeto, matan zumunta na cocin unguwarmu ma suka zo da yake maƙwabtan arziki ne. Kowa da ledarsa: baƙin lemon nan na malt, madarar gwangwani, burodi, kwalin suga. Kowa kuma da magana ɗaya, a haɗa masa malt da madara, yana ƙara jini. Mahaifiyata takan haɗa a babban kofi, mahaifina ya tallafo kan ubansa ya ba shi da hannunsa. Ƙin shan abin da baƙo ya kawo raini ne, don haka sai an buɗe a gabansa. Wata rana tun hantsi har magariba kwalabe ke ta buɗuwa.

Kakata tana gefe, hankalinta bai kwanta ba. Ba ta san sunan cutar ba, ta dai ce, "Mutumin nan ba da zaƙi aka gina shi ba." Aka ce mata ta yi haƙuri, zamani ya canza. Ni kuwa kullum na shiga gaishe shi, idona kan ƙafar yake fara sauka. Tsoro nake ji sosai, don yatsan ya yi baƙi, baƙin kuma yana ta hawa sama.

Da aka kai shi asibiti aka auna jininsa, likitan ya tambayi abin da yake ci. Mahaifina ya lissafa masa da ɗan alfahari. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe. Idan suga ya yi yawa a jini, garkuwar jiki takan yi sanyi, kumburi ya ƙi sauka, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, miki ya kasa haɗewa. Ya ce ganye ba zai maye gurbin magani ba, amma tuwon dawa daidai ciki da miyar ganye sun fi masa duk abin da ke cikin ledojin nan. Aka cire yatsan, bai isa ba, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da na je ganinsa sai ya yi ƙarfin hali ya ce, "Amarya, fason ya ragu saura ƙafa ɗaya, yanzu kya zauna?"

Yanzu ko a ƙauyen nan bayan Kumbashi akwai shago mai firjin sola, yara sun fi sanin taliyar leda da tafasa. Zogalen da aka hana shukawa kuwa da kuɗi nake sayensa a kasuwa. Mahaifina ya tsufa, yana hannuna, kuma ciwon ubansa ya same shi. Akwai ɗan miki a dunduniyarsa tun farkon damina. Muna zuwa asibiti ana wanke mikin, yana shan magani, amma har yau bai rufe ba. Kowace safiya kafin in ɗora tukunya sai na duƙa na duba launin gefensa.

Masu dubiya ba su daina zuwa da leda ba. Nakan rusuna in karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in wuce da ita ɗakina in kulle. Na san ana cewa na cika rowa, na hana tsoho jin daɗi a ƙarshen rayuwarsa. Jiya wani tsohon abokinsa ya kawo katan guda, ya zauna yana jiran a buɗe. Mahaifina ya bi katan ɗin da kallo, ya ce, "Uwata, ko rabin kofi, don idon baƙo?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri." Na miƙa masa kunun tsamiya, ba komai a ciki.

Ya kurɓa, ya yatsine fuska, ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Sannan ya juya ga abokinsa ya ce, "Ƙyale ta, Alhaji. Ni da nawa uban ya roƙa, ban taɓa hana shi ba."