Ni ne a Cikin Dodon Kanal

Shekarun baya na taɓa yin wani abu da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Hassada ce ta sa ni, ba zan canza mata suna ba.

Ina da aboki, tare muka taso a wani ƙauye kusa da Bunkure, gonakinmu ma kanal ɗaya ke ba su ruwa. Shi mayen finafinan dodanni ne. In muna kallo ni ina bin labari, shi kuwa sai ya tsayar da fim ya ce, "Dubi fuka-fukin nan, wallahi kwamfuta ce ta zana shi." Wata shekara tumatir ya yi masa kyau, ya shiga Kano ya sayo tsohuwar kwamfuta, ya ce sai ya fito da dodo daga kanal ɗinmu. Na ce, "To Allah ya ba da sa'a, wa zai zama dodon?" Sai ya tsaya yana kallona.

Dabarar ita ce a lulluɓe mutum da ƙyalle mai launi ɗaya, daga baya a goge launin a kwamfuta, a ɗora halittar a gurbinsa. Ya ce masu fim kore suke sawa, muka sayo koren yadi. Da ya goge kore, sai ni da gonakin shinkafa duk muka ɓace, saura jar ƙasa da wani jaki. Mun manta a garinmu komai kore ne. Dole muka koma kan shuɗin tamfol ɗin da mahaifiyata take shanya shinkafa.

Kwana uku ina shiga ruwa har ƙirji, a naɗe cikin tamfol, ina ɗaga sanda mai ƙoƙon kan bijimi da muka roƙo wajen mahauta. Shi yana bakin kanal da waya yana ba da umarni: "Nutse! Taso a hankali! A'a, sake!" Matsattsaku suka sha jinina, mura ta kwantar da ni mako guda.

Bayan wata biyu ya saki bidiyon. Kai jama'a! Wata halitta ce mai dogon wuya da ƙaho, fatarta kamar ta kada, ta taso daga kanal ɗinmu ruwa na zuba daga jikinta. Ni da na san sirrin ma sai da tsigar jikina ta tashi. Abu ya zaga Kura, ya kai Madobi. Wata tsohuwa ta hana jikokinta zuwa wanki bakin ruwa. A majalisa aka koma kiransa Injiniya, ana matsa masa wuri a kan benci. Ni kuwa ko ɗan yatsana babu a ciki, an goge ni tas. In na ce ni ne dodon, sai a ce, "Haba malam, kai da wane wuyan?"

Ranar da ya gaya min wasu masu shirya fim a Kano sun kira shi suna son ba shi aiki, na ce masa ma sha Allah, amma zuciyata tafasa take. Ni na sha sanyi, shi zai sha daɗi? Ina da bidiyon asali da ya taɓa turo min a wayata, wanda ba a gyara ba. Na sake shi, na rubuta: "Ga dodon naku nan, tamfol ne da kan bijimi. A daina ruɗar mutane." Nufina na Kano su ga ba wani abu ba ne, su fasa.

Ashe ramin mugunta na gina wa kaina. Mutane suka jera bidiyon biyu suna cewa, daga wannan tarkacen ya fito da wancan? Ni kuma a bidiyon na zame, tamfol ya buɗe, ga ni da gajeren wando ina ihu, "Wayyo Inna, matsattsaku!" Kafin mako ya zagayo sunana ya koma Dodon Tamfol.

Ana gobe zai tafi Kano ya zo ƙofar gidanmu. Na fito ina sunkuyar da kai, ina jiran zagi. Sai ya ce, "Na zo godiya ne. Da zargina suke wai daga fim ɗin waje na yanko dodon, suka ce sai na nuna musu na asali kafin su ɗauke ni. Mako biyu suna nema, na ƙi."

Na ce, "Me ya hana ka?"

Ya ce, "Kai ne a ciki fa, da gajeren wando, kana kiran Inna. Na gwammace aikin ya wuce ni da a yi maka dariya."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Yau yana can yana aikinsa, ni ina nan ina ban ruwa, kuma muna zumunci. Ba zan yi muku ƙarya ba, in na ga sunansa a ƙarshen fim, har yanzu wani abu yana ɗan sukata a ƙirji. Sai dai yanzu na san sunan ciwon, in ya motsa sai in yi a'uziyya in ajiye wayar. Bai taɓa tambayata dalilin da ya sa na saki bidiyon ba, ni ma ban taɓa samun bakin gaya masa ba. Ina jin ya sani tun a ranar.