Lobol da Albarka

Gwaggo Tela ba ta jin Turanci, kuma ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. Kalma ɗaya ta koya da tsufanta, ita ma don ta rama.

A shagonta na bakin titi ta ɗinka wa rabin unguwa kayan makaranta. Da idanunta suka fara hazo, har zare ya ƙi shiga allura, likita ya ce sai aiki, duka biyun. Dole a sayar da shago da kekuna.

Sai ga wani mai tabarau, ƙamshin turare kamar ya yi wanka da shi. Ya taɓa keke da ɗan yatsa, ya yatsine fuska, ya taya abin da ko kan keke ɗaya ba zai saya ba. Ya fita yana waya yana dariya: "Na yi wa tsohuwar lobol, ba ta da mafita."

Ni 'yar ƙanenta ce, na ɗan yi boko. Ina cikin shagon, na ji shi sarai.

"Ke, mene ne lobol?" in ji Gwaggo.

Na ce, "Ka san darajar abu sarai, amma ka yi tayin banza da gangan, ko matsi zai sa mai shi ya sallama."

"Au! Ashe rainin wayo har sunan Turanci gare shi?"

Da ya dawo, ta ce, "Albarka." Ya ƙara, ta ce albarka. Ya sake ƙarawa har ya kai kuɗin aikin duka. Na zungure ta, ta make hannuna.

"Ɗan nan, kwashe lobol ɗinka ka kai gaba."

Ta aika aka kira Maman Biyu, wadda ta koyi ɗinki a hannunta, har yau da keken haya take fama. Ta sallama mata komai a kan abin da take da shi. Kuɗin ido ɗaya ne kawai.

Na yi faɗa har da hawaye. Na ce, "Gwaggo, kin yi wa kanki lobol!"

"Rufe min baki. Sauƙin da na yi da hannuna kyauta ce, ba wanda ya murɗe ni."

An yi mata na dama. Yanzu tana zama ƙofar shagon tana gyara wa Maman Biyu yanka. In aka yi mata jajen na hagu, sai ta ce ido ɗaya ya ishe ta ganin mai raina ta.