Dalar Masara a Tsakar Gidanmu

Na daɗe ina koyar da lissafi a firamare a nan Funtua, kuma ba abin da nake zanawa a allo da yanga kamar dala. Gindi mai kusurwa huɗu, gefuna su tashi su haɗu a tsini. Yaran ma sun riga ni saninta, don duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Danja ya ga yadda ake kasa tumatir dala-dala. Matata kuwa in kayan wanki suka taru, sai ta ce mun yi mata dala mun gudu.

Amma a gidanmu mai dala na gaskiya shi ne Baba. Dako ya yi tun zamanin gyaɗa, yana cikin masu hawa da buhu a ka har ƙololuwar dalar gyaɗa. Labarin nan mun sha shi har ya ishe mu.

Wata shekara masara ta yi mini kyau a gonata ta hanyar Malumfashi. Aka cashe, aka ɗura a buhuna, aka kawo gida, sai ga sito ba rufi, kafinta yana ta yi mini gobe-gobe. Ga ruwan ƙarshen damina bai yi sallama ba. Abincinmu na shekara ke nan, in ya jiƙe ya yi fumfuna mun shiga uku. Na ce ai da sauƙi, mu yi dala a tsakar gida mu lulluɓe da tamfol, ruwa ya riƙa zirarewa.

Baba yana zaune a kan buzu, lokacin idonsa ya yi rauni ƙwarai. Ya ce, "Bari in zo in kafa maka gindi."

Na ce, "Haba Baba, ka huta abinka. Wannan fa karantar da shi nake yi."

Ya ce, "To, Malam." Shi kuwa in ya kira ni Malam, ba girmamawa ba ce.

Ni da ƙanena muka zage. Kowane buhu a kan ɗan'uwansa sak, bakunan duka suna kallon waje, layi ya miƙe tamkar da rula aka ja. Kai, ta yi kyau! Har hoto na ɗauka da waya. Ban ma mayar da wayar aljihu ba gefen yamma ya zame, sai ji muka yi rim! Buhuna uku suka fashe, kajin unguwa suka taho biki ba gayyata. Na ɗaga kai, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas.

Baba ya ce, "Mene ne ya faɗi?"

Na ce, "Lissafi ne, Baba."

Bai yi dariya ba, wannan ya fi ba ni haushi. Ya tashi, ya tuɓe takalmi, ya shigo yana laluben buhunan da tafin ƙafa. Nan take muryarsa ta canza, ta koma ta wani mutum da ban taɓa sani ba.

"Katako a ƙasa, kada sanyi ya hau! Baki ya kalli ciki! Kai Malam, buhu ba ya hawa buhu ɗaya, biyu yake hawa ya danne mahaɗarsu. Layin nan a miƙe, na samansa a gicciye. Buhun yanzu santsi gare shi, ba kamar algarara ba, in ba ka sarƙe shi ba tafiyarsa zai yi."

Muna ɗorawa yana tattakawa, wanda bai zauna ba ya ce a sauke. Ni da nake daka wa yara tsawa a aji, ga ni ina "to Baba, to Baba," gumi har cikin ido. Iska ta fara kaɗawa, saura buhu ɗaya.

Baba ya ce a wurinsu 'yan dako wanda ya kafa gindi shi ke ɗora buhun ƙarshe, ba a yi masa shigar sauri. Ya sunkuya ya kama kunnuwan buhun, ya yunƙura. Buhu ko motsi. Ya sake yunƙurawa. Wallahi sai na ji kamar in fashe da kuka.

Na durƙusa, ƙanena ya ɗora mini a ka. Baba ya lalubo buhun ya dafa shi da tafinsa, ya ce, "Hau. Ni ne na ɗora."

Na hau, na sauke shi a tsini. Daga ƙasa ya ce, "Ya zauna?" Na ce ya zauna. Muna gama ɗaure tamfol ruwa ya kece, ko ƙwaya ɗaya ba ta jiƙe ba.

Masarar nan muka yi ta ci har wata damina ta zagayo. Da ragowarta aka tuƙa tuwon da muka ciyar da masu zuwa mana gaisuwar rasuwar Baba.