Almuru da Fuskar Inna

Jawo kujerarka nan kusa, ka kife wayar nan tukuna, in ba ka labarin wani mutum da bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba idan rana ta karkata.

Almuru ake ce masa. Ba shi ne sunan da aka raɗa masa ba, amma in ka shiga layinsu kana cigiya da na gaskiyar, ba wanda zai gane wa kake nema. Shagon ɗaukar hoto gare shi a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da tabarau. Ɗan ɗaki ne: farin ƙyalle a bango, kujera mara majingina, fitilu masu lema, sai madubi da mataji da aka ɗaure da zare don kada wani ya wuce da shi. Tun safe aikinsa ɗaya ne, hoton fasfo. "Ɗaga haɓa. Ban da murmushi. Fito da kunne. Na gaba!" Fuskokin mutane yake ɗauka wuni guda, amma in ka tare shi a ƙofa ka ce ya kwatanta maka wanda ya fita yanzu, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

Shi sama yake gani. Da la'asar ta yi sanyi sai ƙafarsa ta fara rawa a ƙarƙashin tebur. Ya leƙa waje, ya dawo, ya gyara fitilar da ba ta karkace ba, ya sake leƙawa. In ya hango gajimare ya yi siriri-siriri a yamma, to magana ta ƙare. Ya rataya jaka, ya suri sandar kyamara mai ƙafa uku, ya haye babur. Sau nawa ya bar mutum zaune a kujera da haɓa a ɗage.

"Almuru! Ga mutum ka bari fa!" mai tabarau zai ƙwala masa kira.

"Ya dawo gobe! Fuskarsa ba inda za ta, jan faɗuwar rana kuwa ba ya jira."

Ranar da ba shago kuma, sai ya shiga motar haya ya nufi duk inda aka ce masa akwai dutse, ko tafki, ko wata tsohuwar hasumiya. Ya kwana a tasha, ya sha cizon sauro a bakin ruwa, ya taɓa zamewa daga kan dutse ya dawo da gwiwa a kumbure da kyamara lafiya lau a ƙirjinsa. Masu otal da masu buga kalanda suna sayen hotunansa, kuma gaskiya suna da kyau. Sai dai yana da doka ɗaya da ba ya karyawa: ba mutum a hotonsa. Masunci ne, makiyayi ne, masoya ne suka zo shan iska, duk abin da za su ji daga bakinsa ɗaya ne: "Don Allah ɗan matsa."

To wannan "matsa" ita ta jawo masa.

Tun yana saurayi, ranar da ya fara riƙe kyamarar kansa, ya hau saman rufin gidansu. Sama ta yi ja kamar an zuba mata garwashi. Yana cikin saiti sai ga mahaifiyarsa ta hau kwashe shanya, ta tsaya daidai gabansa tana ninke zani.

"Inna, matsa mana, kin tare min!"

Ta juyo ta dube shi. Ta ɗauki kwandonta.

"To, Auta. Na matsa."

Shi ya manta kafin ya sauko. Ita ba ta manta ba. Tun daga ranar ba ta ƙara tsayawa gaban kyamarar kowa ba. Jikoki su taru su ɗaga waya, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Bari in matsa, kada in tare muku." Tana faɗa tana dariya, amma ba ta tsayawa. Hotonta ɗaya tak a duniya, na katin shaida da aka ɗauka a ofis, wanda ta fito a ciki kamar an kama ta da akuyar maƙwabta.

Ana nan, shekaru suka tura. Gwiwoyin Inna suka ƙi, hawa matakala ya zama aiki, zaman kaɗaici ya fara ba kowa tsoro. Babbar 'yarta, wadda Almuru ke kira Yaya, malamar makaranta ce a wani gari mai nisan gaske, ta zo ta ce ita kam da uwarta za ta koma. Inna ta yi gardama ta gaji ta yarda. Aka fara ɗaure kaya a kwali. Kowa ya san mai irin wannan gwiwa ba za ta riƙa zirga-zirga a hanya ba. In ta tafi, ta tafi ke nan.

Yaya ce ta soka masa maganar, ranar da ta leƙa gidansa ta ga bangon falo.

"Auta, wannan rana ce, wannan ma rana, wancan rana a kan dutse. Ita ranar ce ta haife ka? Ina wadda ta goya ka?"

Ya dubi bangon. Jibi za su tafi, kuma ba shi da fuskar uwarsa ko a aljihu.

Ya je ya durƙusa a gabanta tana ware tsofaffin zannuwa. Ya yi roƙo, ya yi magiya, ya haɗa da su "Inna ta kaina". Ta bar shi sai da ya ƙare.

"Sau ɗaya," ta ce. "In ka danna, ka danna. Kada ka ce min bari in ƙara."

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya. "Ga kujera, ga haske a bakin ƙofa. Ɗauke ta yanzu kafin ta sauya ra'ayi."

Ai kuwa da ya ji maganar Yaya da ba mu da labari. Amma Almuru ne. Uwarsa guda, hoto guda, a bakin ƙofa kusa da bokiti? Ina! Sai a tsohuwar gadar da ke bayan gari, inda rana ke faɗawa cikin kogi.

Ya tsayar da tasi. Aka lallaɓa Inna aka shigar, Yaya tana mita, shi yana gaba rungume da jaka da kujerar roba. Ba su yi nisa ba suka faɗa cunkoso. Mota ba ta motsi, rana kuwa tana ta gangarawa. Ƙafarsa ta kama rawa har kujerar direba tana jijjiga.

"Direba, bi ta lungun nan."

"Ba ya ɓullewa, yallaɓai."

"To hau gefen hanya."

"Ka saya min wata motar in aka kama wannan?"

Ya leƙa ta taga, ya dubi sama, ya dubi agogo, ya buɗe ƙofa kamar zai sauka, ya rufe.

"Auta," in ji Inna daga baya, "ranar nan fa gobe ma za ta fito."

"Ba irin wannan ba, Inna."

"Haka ka ce jiya," in ji Yaya.

Suka isa da ƙyar, rana ta kusa taɓa ruwa. Ya yi gaba da gudu ya dasa sandar kyamara, ya dawo ya kama hannun Inna yana jan ta a hankali cikin sauri, in ka gane abin da nake nufi. Ya ajiye kujera a inda kyan yake, wato rana a bayanta. Ta zauna, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗora hannu a kan sandarta, ta buɗe fuskar da ta yi shekaru tana rufewa.

A daidai nan sama ta yi wani abu da bai taɓa gani ba. Ja ya hau kan ruwan ɗorawa, wani shuɗi-shuɗi ya ratsa ta sama, kogin ya kwashe duka ya maimaita. Yatsunsa suka yi abin da suka saba yi tun yana saurayi: suka rage haske don launin sama ya fito sosai. Ya danna. Ya dubi ɗan allon bayan kyamara, idonsa ya tafi kai tsaye kan jan nan.

"Na samu! Wallahi na samu!"

"To madalla," in ji Inna, ta ja mayafinta. "A kai ni gida, sauro ya fara gaishe ni."

A gida ya buɗe kwamfuta yana ta washe baki, suka kewaye shi. Hoton ya cika allo. Yaya ta matso, ta gyara tabarau.

"Ina Innar?"

"Ga ta nan a tsakiya mana."

"Na ga ɗankwali. Na ga kafaɗa da sanda. Ina fuskar?"

Sai a lokacin ya duba. Baƙar inuwa ce zaune a kan kujera, baƙa ƙirin, ba ido ba hanci. Duk wanda ya ba rana baya, aka kuma auna haske da sama, haka yake fitowa. Almuru ya san wannan tun kafin gemu ya fito masa. Bai taɓa damuwa ba ne kawai, don bai taɓa sa wanda yake son gani a wurin ba.

Ya hau ƙara haske a kwamfuta. Sama ta koɗe ta zama fari fat, fuskar kuma ta fito kamar an shafa toka a bango. Ya mayar, ya sake.

Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta yi 'yar dariya.

"Wancan karon da baki ka ce in matsa. Yau kuma da na'ura ka faɗa."

"Inna, don girman Allah, gobe..."

"Sau ɗaya muka yi da kai."

Washegari bai tsinana komai a shago ba. Ya ɗauki wani mutum ido a rufe, ya ba wata mata hoton wata. Da la'asar ya kulle ya tafi taya su ɗaure sauran kaya. An ɗan yi ruwa da rana, sama ta wanku, kuma duk mai wannan sana'a ya san abin da ke biyo bayan haka. Yana ɗaure kwali wayarsa ta yi ƙara. Mai tabarau ne.

"Kana ina? Yau fa samaniyar taka ta kama da wuta, har ni na fito kallo!"

Ɗakin Inna ya zama wayam. An cire labule, an naɗe shimfiɗa, ba abin da ya rage sai gado ba katifa da inda agogon bango ya bar zagayen fari. Tana zaune a bakin gadon tana fuskantar taga. Shi kuwa ya ƙulla igiya ya kwance, ya ɗaga kwali ya ajiye a inda yake, ya je taga ya dawo.

"Tafi mana, Auta," ta ce. "Tun ɗazu nake jin ƙafarka."

"Ba inda za ni."

Amma jakar tana kafaɗarsa, bai ma san sanda ya rataya ta ba. Ya koma taga ya tsaya, ya cika ta da faɗin bayansa, yana lissafin ko babur zai kai shi gada kafin jan ya mutu.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Matsa, ka tare min. Yau ce ta ƙarshe da zan gan ta daga tagar nan."

Ya yi sauri ya ja gefe, ya juyo don ya ba ta haƙuri. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya ba faɗuwar rana baya.

Duk hasken da yake bi gari-gari, ga shi nan kwance a fuskar uwarsa. Ya ga ɗan tabon da ke girarta ta hagu, wanda bai san da shi ba. Ya ga layukan gefen bakinta, na dariya ne duka. Ya ga tagar 'yar mitsitsiya a cikin ƙwayar idonta. Hannunsa ya shiga jaka a hankali kamar na ɓarawo.

"Inna...?"

Ba ta dube shi ba, ba ta kuma taɓa mayafin ba.

"Ni dai rana nake kallo," ta ce. "Ban ga kowa ba."

Wuyansa yana ƙaiƙayi ya waiwaya, don bangon ɗakin kansa ya koma ja, ya san abin da ake yi a bayansa ya fi na jiya. Ya cije. Ya auna haske da kumatunta, ya riƙe numfashi, ya danna. Ya tsaya a haka har hasken ya sauka daga goshinta zuwa haɓa ya ɓace. Da ya juya, ba komai a sama sai toka-toka.

Da safe ya kawo hotunan biyu a wanke, ya miƙa mata ta zaɓa. Yaya ta kai hannu kan mai fuskar. Inna ta buge hannun, ta ɗauki baƙin ta sa a jakarta.

"Wannan ne ɗana ya ɗauka," ta ce. "Ko a ina na gan shi zan gane hannunsa. Wancan ya riƙe, shi ne bai san fuskar ba."

Mai fuskar yana nan rataye a shago yanzu, sama da madubi da matajin nan. Kada ka ce Almuru ya sauya hali. Har gobe ƙafarsa tana rawa da la'asar, har gobe yana barin mutane da haɓa a ɗage. Sai dai masu wucewa ta gada sun ce wani lokaci, ana tsakiyar jan, sukan ga ya saki kyamara ya juya baya yana duban waɗanda ke tsaye a bayansa, sannan ya yi firgigit ya koma.

Yaya ta ce mai fuskar shi ne hoton Inna. Inna ta ce baƙin. Shi Almuru in ka tambaye shi sai ya leƙa waje ya ce ana maganar nan rana tana tafiya. To kai da ka zauna ka ji, da uwarka ce, wanne za ka rataya?