Gadon da Na Yanke wa Ƙafafu a Bakin Komadugu

Har yau mutanen Diffa suna cewa tsohuwar da ta ba ni haya ce ta cuce ni, ta saka baƙuwa a ɗakin da ta san ruwa zai ci. Ba haka ba ne, kuma na gaji da gyara maganar baki da baki, shi ya sa na rubuto muku. Ta faɗa mini gaskiya tun ranar farko. Ni ce ban ji ba, don a lokacin ba na jin maganar wanda bai zauna a bencin makaranta ba.

Shekara biyu ke nan da aka turo ni daga Damagaram in koyar a lakwal, wato makarantar boko, ina da shekara goma sha tara, da akwatin littattafai da takardar shaidar gama karatu, da kai mai tauri. Babana ya yarda in zo bisa sharaɗi ɗaya: ƙanin uwata, mai kanti a kasuwar garin, shi ne idonsa. Ranar da kawu ya aika cewa ban iya riƙe kaina ba, ranar zan hau kamyo in koma gida, aiki ya ƙare. Kawu ya so in zauna gidansa, amma ɗaki ɗaya da yara bakwai da buhunan gishiri ba wurin gyaran kaye, wato littattafan rubutun ɗalibai, ba ne. Wajen gidajen ma'aikata kuwa, haya za ta cinye rabin albashina. Sai aka nuna mini unguwar gangare, ta masu kifi da lambu, inda ɗaki ya yi araha har na yi zaton ban ji daidai ba.

Mai gidan Babarbariya ce mai bandar kifi, kowa na kiranta Ya, wato uwa. Ta haɗa ni ɗakin zana ɗaya da ɗiyar ƙanwarta, sa'ata, mai kai kifi kasuwa, mai dariya kamar ana yi mata cakulkuli. Abu biyu suka ba ni haushi. Gadon ɗakin ya kai mini ƙirji, sai an taka turmi ake hawa. A tsakar gida kuma ga wasu manyan goruna biyu ɗaure a sanda, suna tare hanya. Da Hausarta mai karyewa, Ya ta ce mini ruwa yana hanya, in bar komai yadda na same shi. Na dubi sama, ko gajimare ɗaya babu. Na dubi kogin Komadugu, yana can ƙasa, tafiyar kirki. Na ce mata damina ta wuce, kuma ni ake biya in koya wa yara wannan. Ta ce ruwan nan ba na samansu ba ne, daga ƙasar Kano yake tasowa, yana tafiya kamar raƙumi mai kaya, sai sanyi ya shigo yake isowa da ƙarfinsa. Ta ƙara da cewa wataƙila littafina bai taɓa zuwa Diffa ba. A Damagaram, in sama ta ɗauke, tafki ja da baya yake yi. Wannan na sani, na ɗauka duniya duka haka take.

Sati bai cika ba na kira kafinta ya yanke wa gado ƙafafu. Abokiyar ɗakina ta zauna a kai, ta ce to Malama, yanzu kifi ba zai sha wahalar kawo mana gaisuwa ba. Na tura akwatina ƙarƙashi.

Duk da haka watannin nan biyu sun yi mini daɗi. Na ci kifi har na manta da nama. Na koyi jan ruwa da jigo a lambun albasa, ina koya wa abokiyar ɗakina baƙaƙe a kan ƙasa, ita tana koya mini zagin Barebari. Amma kogi yana matsowa taku-taku. Maƙwabta suka fara naɗe zanansu suna hawa tudu, kamar yadda suke yi kowace shekara. Ya ta ce mu ma mu tashi. Na ce ba inda za ni, gobe zai ja baya. Tsoro nake ji kawu ya ji na yi ƙaura cikin wata biyu. Ya ta ce ba a barin baƙo a gangare, don haka su ma suka zauna.

Ranar wata Laraba na taso daga lakwal da azahar, na tarar gidanmu ya koma tafki. Ruwa ya haye ɗan tudun da ke tare shi. Na kutsa har cinya, na shiga ɗaki. Gado ya nutse, akwatina a buɗe, ruwa cike. Na tsaya ina kuka kamar yarinya, don takardar shaidata na ciki, ba ni da wata. Sai na ji ana kirana daga waje. Ga Ya da abokiyar ɗakina suna turo gorunan nan biyu a kan ruwa. Na leƙa ciki: littattafaina, kayen yara, da takardata naɗe cikin ɗankwalin Ya, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ashe tun da hantsi da Ya ta ga launin ruwa ya sauya ta ɓalle akwatin ta kwashe su. Ta ce in yi haƙuri da makullin. Ta ce ba ta san wanne ne mai daraja ba, sai ta ɗauki duk abin da ke da rubutu. Suka ce in hau sandar, in rungumi gora. Haka aka turo malamar lakwal zuwa tudu, zane ya jiƙe sharaf, matan unguwa na guɗa, ni ina kuka ina dariya.

Kawu na tsaye a bakin ruwa, ya rufe kanti ya taho. Ban jira ya tambaya ba, na ce masa laifina ne, an gaya mini na ƙi. Na san da wannan maganar na miƙa masa wuyana. Ya dubi Ya, wadda ke matse mini zane tana yi mini faɗa da Barbarci. Sai ya ce zai rubuta wa babana cewa na samu uwa a Diffa, wadda ta fi shi kawun iya ni. Amma ya ce labarin gado kam, sai kowa a Damagaram ya ji shi.

Ga abin da zan faɗa wa ƴan'uwana mata da za a tura wani gari. In kin ga ɗaki ya yi araha, ba laifi, ki tambayi dalili, kuma in an faɗa miki ki saurara, ko da mai faɗin ba ta iya rubuta sunanta ba. Abin da kika tarar a gidan mutane ya yi miki kama da wauta, ki bar shi ya shekara tukuna kafin ki kira kafinta.

Bana an ce za a ba ni ɗaki wajen gidajen ma'aikata. Na ce na gode, a ba wani. In ruwa ya ja zan sauka gangare da mutanena, in ya dawo mu hau tare. Na riga na gaya wa kafinta ya nemo ƙafafu huɗu, kuma wannan karon Ya ce za ta auna tsawonsu.